Ganda a Kwanon Zuhra

Kare ya ciji Zuhra da hantsi a bayan layinsu a Damilu, tana dawowa daga kai niƙa. Bai yi haushi ba. Ya fito daga kwalbati yana dalalar da miyau, ya cafke ta a ƙwauri, robar garin ta kife a ƙasa. Kafin a ɗauke yarinyar, samarin unguwa sun bi shi da duwatsu da gorori sun kashe shi, suka jefa a bola suka cinna wuta. A ganinsu sun yi aiki. Ɓarna suka yi, domin da an ɗaure karen da an gane ko mahaukaci ne. Yanzu ba mai iya cewa.

Mata uku suka ɗauke ta zuwa asibiti a keke napep. Adda Sa'adiyya, yayar mahaifinta, ita ta rungume ta a cinya. Nwakaego, maƙwabciyarsu mai shagon kayan masarufi a kasuwar Jimeta, wadda kowa ke kira Maman Amara, ta ɗaure ƙafar da ɗankwalinta tana yi wa mai keke faɗa ya yi sauri. Ta ukun, Hafsah, ta raɓe a gefe tana kallon titi kamar an roƙe ta rakiya ne. Ita ta haifi yarinyar.

Zuhra 'yar fari ce, kuma a gidansu uwa ba ta nuna 'yar fari. Ba ta kiran sunanta, ba ta yabonta, ba ta kallonta a gaban manya. Ana yaye ta aka miƙa wa Adda Sa'adiyya, wadda Allah bai ba haihuwa ba. Yarinyar ta tashi tana kiran goggonta Dada, tana kiran uwarta Adda Hafsah kamar sauran yaran layi. Ana kiran wannan fulako, ana yabon matar da ta iya shi. Hafsah ta iya shi fiye da kima.

Ba 'yan Damilu ba ne asali. Daga wani ƙauye a gefen Mubi suka gudo, shekarar da 'yan bindiga suka ci garin. Suhaib, mijin Hafsah, ya koma neman shanunsa bai dawo ba, har yau. Matan biyu suka bi daji da ƙafa, suna kwana a tsakiyar garken wasu makiyaya, suna goyon yarinyar bi da bi, har suka iso sansanin Malkohi. A can aka yi abubuwa biyu da suka shafi wannan labari.

Na farko, wani mai hali ya kawo sa sadaka. Manyan sansani suka raba tsoka, fata da ƙafafu suka iso tantin mata. Aka babbake, aka dafa, Zuhra ta sha romo ta tauni ganda. Zuwa la'asar leɓunanta sun kumbura, jikinta ya yi rudu-rudu. Adda Sa'adiyya ta ce sauro ne da zafin tamfol. Hafsah kuwa, da aka sake samun ganda, ta sa ido ta gefe, ta ga abin ya dawo. Tun daga ranar, duk sanda ta zuba abinci, sai ta tsince gandar da ke kwanon yarinyar ta mayar kwanon Adda.

Na biyu, ƙyanda ta shiga sansanin tana ɗibar yara. Ma'aikatan lafiya suka zo da rigakafi, iyaye suka yi layi. Mai allurar ta tambaya ko yarinyar ta taɓa kumbura bayan ta ci wani abu. Adda ta ce a'a, lafiyarta ƙalau. Hafsah na tsaye a baya, ta ji tambayar, ta ji amsar, ta sunkuyar da kai. Ba a jima da cire allura ba Zuhra ta fara tari, fuskarta ta haye, numfashinta ya koma kamar usur. Allah ya sa ma'aikatan sun zo da allurar gaggawa. Suka soka mata a cinya, suka ɗauke ta a motarsu, ta rayu.

Ɗaruruwan yara aka yi wa allurar nan a ranar, ban da Zuhra ba wanda ya ko yi atishawa, kuma bayanta aka daina kai ƙananan gawawwaki bayan sansani. Adda ba ta lissafa wannan ba. Ta rantse ba a ƙara soka wa 'yarta ƙarfe, ta kuma cika rantsuwar. Mutum ya fi riƙe abin da ya tsorata shi a kan abin da ya cece shi, kuma ba ya jin kunyar hakan.

Yanzu ga Zuhra ta kai shekara goma sha biyu, ga ta a kan gadon asibiti ana wanke mata ƙafa da sabulu a ƙarƙashin famfo. Likitan, wani siririn mutum mai suna Eli, ya duba raunin ya tambayi inda karen yake.

"Sun ƙone shi," in ji Maman Amara. "Yaran layinmu aiki ba su da shi, amma kashe kare sun iya."

Likita ya goge hannunsa. "To dole a yi mata allurar cizon kare. Yau za a fara, sauran za su biyo baya."

"Ban da allura," in ji Adda. "A ba ta na sha."

"Mama, ba shi da na sha. Idan karen nan mahaukaci ne kuma ciwon ya kai ga ƙwaƙwalwa, babu magani a Yola, babu a ko'ina. Za ku gan ta tana jin ƙishi, a miƙa mata ruwa ta kasa haɗiya. Daga nan sai jira."

Adda ta ba shi labarin Malkohi. Ta faɗe shi da ƙarfi kamar shi ya riƙe sirinjin. Likita ya ja kujera ya zauna, fuskarsa ta canja.

"Wannan ya sauya magana," ya ce. "Irin haka na faruwa, amma da wuya ƙwarai. Wani ma'aikacin zai yi ritaya bai ga ɗaya ba. Kuma yawanci ba maganin kansa ne ke jawo shi ba, abin da aka haɗa shi da shi ne. Wata allurar akwai ɓurɓushin ƙwai a ciki. Wata akwai yis irin na burodi. Wata akwai ɗan maganin kashe ƙwayoyin cuta da aka sa lokacin haɗawa. Wata akwai jelatin, wani abu mai danƙo da ake samowa daga fata da ƙashin dabba, don maganin ya jure ajiya. Wani kuma robar murfin kwalbar ce jininsa ba ya so. Ina bukatar in san wanne ne nata."

"Ba kai ne likita ba? Gwada ta mana," in ji Maman Amara.

"Ba mu da kayan wannan gwajin a nan. Tambaya ce kawai a hannuna. Wace ce uwarta?"

"Ni ce," in ji Adda.

Ya fara tambaya. Tana cin ƙwai? Tana ci, har wainarsa. Burodi? Kullum da shayi. Ta taɓa hura balan-balan bakinta ya kumbura? Zuhra da kanta ta girgiza kai. An taɓa shafa mata maganin ciwo fatarta ta tashi? A'a.

"Nama fa?"

"Komai tana ci," in ji Adda. "Ni na raine ta, na san cikinta."

"Ban da ganda," in ji Zuhra. Duk da zafin ƙafa sai da ta murguɗa baki. "Adda Hafsah ba ta bari. Ko a miya ta gani sai ta tsince. Ƙafar sa ma haka."

Maman Amara ta yi dariya. "Gaskiya ne, Dokta. Duk layi sun sani. Wannan mata rowa gare shi. Ganda fa, abin da ko kyanwa ana ba shi."

Haka aka ɗauke ta shekara da shekaru. Ganda ce naman gidan talaka, kuma ana ganin Hafsah na hana 'yar cikinta. Tsofaffi suna cewa ta cika 'yar halak, ba ta fifita nata. Matasa suna cewa muguwa ce. Ba wanda ya taɓa tambayar ta dalili, ita kuma ba ta da bakin faɗa. In ta ce ta lura da abin da Adda ba ta lura ba, ta ce ke nan ta fi mai riƙo sanin yarinyar, ta tuna wa matar da ba ta haihu ba cewa aro aka ba ta. Kuma a ɗakin Adda take kwana, daga tukunyar Adda take ci.

Likita bai yi dariya ba. Ya juya ya dubi matar da ke tsaye a bakin ƙofa.

"Malama, me ya sa kike tsincewa?"

Hafsah ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Ƙanwar gida ce," in ji Adda. "Ba ruwanta da wannan. Ni za ka tambaya."

"Na tambaye ki, Mama. Yanzu ita nake tambaya." Ya sassauta murya. "Ki ji ni da kyau. Allurar cizon kare iri biyu ce. Wadda ke firij ɗinmu yanzu akwai jelatin a cikinta. Ɗayar babu, amma ta ƙare mana. In ba abin da kika sani, zan yi mata wadda muke da ita, in ajiye allurar gaggawa a kusa, in roƙi Allah. In akwai abin da kika sani, yanzu ne lokacinsa."

Ana jin kukan wani jariri a ɗakin gaba.

"Ke Hafsa, an ɗinke bakinki ne?" in ji Maman Amara. "Abeg, wannan kunya naku ku bar shi a gida. Nan asibiti ne."

Hafsah ba ta dubi likita ba, ba ta dubi Adda ba. Bango ta yi wa magana, a hankali, har sai da likita ya matso.

"Yarinyar nan, in ta ci ganda ko romon ƙafa, ba nan take ba, sai an jima, bakinta yana kumbura. Borin jini ya fito mata. Sau biyu na gani a Malkohi. Sau ɗaya a nan, gidan suna, sai da ta yi ta shaƙuwa."

"Kafin gudu tana yi?"

"Ba ta yi. A gida tana ci lafiya."

"A hanya wani abu ya cije ta?"

"Kaska. Mun kwana cikin shanu. Na cire mata da yawa, a bayan kunne da hammata." Ta ɗan tsaya. "Lokacin Adda na barci."

Wannan kalmar ta ƙarshe ita ta fi yi wa Adda ciwo. Ta miƙe tsaye, ta gyara zani.

Likita ya daɗe yana murza goshi. "Akwai waɗanda cizon kaska ke sa jininsu ya ƙi abin da ya fito daga jikin dabba. Yana iya zama haka. Allurar ƙyanda wasu irinta akwai jelatin. Yana iya zama shi ne. Yana iya zama kuma wani abu daban ne da ban ambata ba, gandar hanyarta daban. Ba zan yi muku ƙarya ba, ban sani ba. Amma bayan abin da na ji, hannuna ba zai iya yi mata wadda ke firij ba."

Ya fita da waya a kunne. Ya kira wani asibiti a Yola, babu. Ya kira shagunan magani na Jimeta, masu ita irin ta firij ɗin ce. Maman Amara ta kira wani ɗan cocinsu mai sayar da magani, ya ce ta ƙare tun watan jiya. A ƙarshe aka samu a Gombe, wurin wani abokin karatun likitan, wanda ya ce zai saka ta cikin kula mai ƙanƙara ya ba direban motar safe.

"Gobe ke nan," in ji Adda. Karo na farko da ta yi magana tun ɗazu. "Kai da bakinka ka ce yau."

"Na ce yau ya fi. Cizon a ƙafa yake, nesa da kai, kuma mun wanke shi sosai. Ina ganin za mu iya jira zuwa gobe."

"Kana gani."

"Ina gani, Mama. Abin da nake da shi ke nan."

A bakin ƙofar asibiti Adda ta tsaya ta dubi Hafsah ido cikin ido, abin da ba ta saba ba.

"Da ga maganin a firij. Kika buɗe baki aka mayar da shi. In ciwon kare ya kama ta, ki sani bakinki ne."

Maganar zalunci ce, amma ba ƙarya ce zalla ba, shi ya sa ta zauna. A Malkohi Hafsah ta yi shiru, yarinyar ta kusa tafiya. Yau ta yi magana, kuma maganar ta sayi jinkirin da ba wanda ya san farashinsa. Ba ta da inda za ta tsaya ta ce nan ne daidai.

Washegari tun da safe Hafsah da Maman Amara suka tafi tashar Jambutu. Maman Amara ta bar shagonta a rufe, ta kuma tabbatar kowa a tashar ya san haka. Suka zauna a benci kusa da mai shayi. Motocin Gombe suka riƙa shigowa, duk wadda ta tsaya sai Hafsah ta miƙe. Aka kira direban, ya ce yana hanya. Aka sake kira, ya ce taya ta fashe kafin Numan. Aka sake kira, wayar ba ta shiga.

Rana ta take. Kwalta ta fara wari. Hafsah ba ta tunanin komai sai ƙanƙarar da ke cikin kular, yadda take zama ruwa kaɗan-kaɗan a bayan wata mota da ke tsaye a rana.

"Ci wani abu," in ji Maman Amara, ta miƙa mata ƙosai. "In kika faɗi a nan ni ba zan iya ɗaukanki ba, bayana ciwo yake."

Hafsah ta karɓa ta riƙe.

"Ni fa ban gane ku ba. Amara nawa in ya yi tari sau ɗaya, duk layi sai sun ji. Ke shekara nawa kina cire ganda, muna zaginki, kina shiru."

"Haka muka tarar."

"Wanda ya fara shi, yaronsa ya taɓa kumbura?"

Can Hafsah ta ce, "Maman Amara, in jinkirin nan ya yi mata illa fa?"

Maman Amara ta buɗe baki za ta ce ba zai yi ba, sai ta fasa. Ta kama hannunta kawai.

Motar ta shigo bayan la'asar, ƙura har gilashi. Direban ya zaro ƙaramar kula daga ƙarƙashin kujerarsa, ya ce tun Numan ya lulluɓe ta da rigarsa. Hafsah ta rungume ta a ƙirji har asibiti, tana jin ruwa na motsi a ciki. Likita ya buɗe, ya tsoma hannu. Ƙanƙarar ta narke, saura ɗan guntu kamar ƙwallon goro yana yawo. Ya ɗaga kwalbar ya duba, ya taɓa ta a kumatunsa.

"Da sanyinta," ya ce. "Za mu yi."

Ya sa aka kwantar da Zuhra, ya zuƙi allurar gaggawa ya ajiye a faranti kusa da hannunsa. Adda ta riƙe kan yarinyar tana karanta duk abin da ta haddace. Hafsah ta koma bakin ƙofa, wurinta. Aka soka, aka zare. Likita ya ja kujera ya zauna yana kallon leɓunan yarinyar, ba ya ko ƙiftawa sosai. Zuhra ta yi tari sau ɗaya, duk ɗakin ya miƙe.

"Miyau ne ya sarƙe ni," ta ce. "Ku kuna kallona kamar talabijin."

Aka ƙara jira. Fuskarta ba ta haye ba, numfashinta bai canja ba. Da likita ya gamsu, ya mayar da allurar gaggawa cikin aljihun tebur.

"To jelatin ɗin ne ke nan," in ji Maman Amara.

"Wataƙila. Wataƙila kuma da ta firij ɗin ma ba abin da zai same ta. Ba za mu gwada don mu sani ba. Duk inda za a yi mata allura nan gaba, ku faɗi abin da kuka faɗa mini, tun kafin a tambaye ku. Kuma ba cewa na yi a daina yi mata ba." Ya dubi Adda a nan. Adda ta kau da kai.

"Jinkirin fa?" Hafsah ce ta tambaya, daga bakin ƙofa, ba wanda ya sa ta.

"Ina sa ran bai yi komai ba. Ciwon nan yana iya ɓuya watanni. Ku cika sauran alluran, ku sa ido. In ta fara ƙin ruwa, ku kawo ta." Bai faɗi abin da zai yi ba in an kawo ta, su ma ba su tambaya ba.

An cika alluran. Raunin ya warke ya bar tabo biyu. Adda ta daɗe ba ta yi wa Hafsah magana ba sai ta bakin yarinyar, wai ki ce wa Addarki Hafsah ta sauke tukunya. Amma wata rana da aka aiko musu da miya daga gidan biki, aka ga Adda ta ja kwanon Zuhra gabanta, ta tsince gandar da yatsa ta zuba a nata, tana mita wai masu girkin yanzu ba su iya babbaka ba.

Damina ta zo ta wuce. Ba wanda ya san ko karen mahaukaci ne, ba wanda ya san abin da ya shaƙe yarinyar a Malkohi. Abin da ya canja ɗaya ne. Kowace safiya, kafin Zuhra ta tafi makaranta, Hafsah na ɗebo ruwa a randa ta miƙa mata da hannunta, ta tsaya a gabanta, a tsakar gida, Adda na zaune tana gani. Matan layi sun fara cewa Hafsah ta zubar da fulako. Ta ji, ba ta daina ba.

"Adda Hafsah, ba na jin ƙishi."

"Sha."

Zuhra ta kafa kai ta sha. Hafsah ta bi maƙogwaron da ido yana hawa yana sauka har kofin ya ƙare, sannan ta karɓa ta kife shi a kan randa.